A-kori-kurar Kawu da maɓallin hagu: yadda mai lamba 85 ya shiga tankin da ke neman 87

Kawuna ya yi shekara goma sha ɗaya a Houston ta jihar Texas, kuma a tsawon wannan lokaci bai taɓa tsayawa karanta lambar da ke jikin famfon gidan mai ba. In ya faka, sai ya zura kati, ya zaro bututu, ya danna maɓallin hagu wanda ya fi araha, shi ke nan. Hannunsa ya san hanya kamar yadda ƙafar mai zuwa masallaci da asuba ta san lungu ko babu fitila. A Houston wannan ɗabi'a ba ta da aibu, domin maɓallin hagu 87 ne, motarsa kuwa 87 take nema. Da ya kwaso iyalinsa ya dawo Aurora, gefen Denver a jihar Kolorado inda nake zaune, hannun ya ci gaba da aikin da ya saba. Sai dai a nan maɓallin hagu 85 ne. Sunan da aka rubuta a samansa bai canja ba: regula ake ce masa can, regula ake ce masa nan.

Motar Ford F-150 ce ƙirar 2018, ta hannu ya saye ta. Injinta lita 3.5 ne mai silinda shida da tarbo biyu, irin wanda kamfanin ke kira EcoBoost, giya goma, tankinta kuma yana cin galan 36, wato kusan lita 136. Shi dai a-kori-kura yake ce mata, domin a kan Fijo 504 haɗin Kaduna ya koyi tuƙi, yana kwasar buhunan hatsi daga kasuwar Dawanau tun ban san hagu da dama ba. Sana'ar ba ta bar shi ba. Yanzu kayan gini yake yi wa ƙananan 'yan kwangila jigila, wani lokaci a bayan motar kawai, wani lokaci da tirela a ɗaure.

Wata huɗu ya yi yana zuba mata 85 bai ji komai ba. A cikin gari, titi shimfiɗaɗɗe, mota ba kaya, ba abin da zai tona asirin man. Sai wata Asabar a watan Yuli ya ce in raka shi Silverthorne ya kai wa wani tayil da siminti. Tirelar ta yi nauyi sosai, rana ta take, na'urar sanyaya mota na aiki ba hutu. Hanyar I-70 muka bi ta yamma. Wanda bai san ta ba: Denver tana kan tudu mai tsayin mita 1,600 daga doron teku, cikin tafiyar kamar awa ɗaya kuma hanyar za ta kai ka ramin Eisenhower da aka huda a cikin dutse, mita 3,400. Hawa ne ba ƙaƙƙautawa.

Mun wuce Georgetown kaɗan, inda hawan ke ƙara miƙewa, Kawu ya taka totur don ya wuce wata babbar mota. Sai ya ɗaga hannu.

"Kashe rediyon nan. Ka ji?"

Na ji. Wata siririyar ƙara ce daga gaba, kamar an zuba tsakuwa uku a gwangwanin madara ana kaɗawa. Ba ta fi daƙiƙa biyu ba ta ɗauke. Amma da ɗaukewarta motar ta yi wani sanyi, kamar an riƙe ta ta baya. Giya ta sauko, inji ya ƙara kuka, gudu bai ƙaru yadda ya kamata ba. Kawu ya haƙura da wucewar ya koma layin dama. Ba wata fitilar gargaɗi da ta kama.

"Inna lillahi. Kar dai nokin za ta yi mini a tsakiyar dutsen nan."

A nan akwai rikicin kalma da ya kamata a warware. A garejin gida, in bakanike ya ce inji ya yi nokin, magana ta ƙare: inji ya buga, sai a sauke shi. Abin da muka ji a ranar ba shi ba ne, ko da yake asalin kalmar ɗaya ce. Wannan ƙwanƙwasa ce ta yadda mai ke ƙonewa a cikin silinda. In an bar ta ta daɗe tana iya kai inji ga wancan nokin ɗin da Kawu ke tsoro, amma tsakaninsu da tafiya.

Hukuncin farko da ya yanke shi ne an sayar masa da gurɓataccen mai, ya ma fara zagin gidan man da ya sha da safe. Ban ga laifinsa ba. Duk wanda ya taɓa sayen mai a galan wurin 'yan bumburutu, nan hankalinsa zai fara zuwa. Muka sauke kaya a Silverthorne, ya shiga wani gidan mai daban don ya "wanke" na safen, ina tsaye a gefensa ina kallo yatsansa ya nufi maɓallin hagu.

"Kawu, dakata. Tun yaushe kake shan wannan?"

"Wanne? Regula ne mana."

"Dubi lambar."

Ya sunkuya ya dubi 'yar takardar nan mai ruwan ɗorawa da baƙin rubutu. Ya dubi ta tsakiya, 87. Ya dubi ta dama, 91. Ya yi shiru. Na buɗe aljihun gaban mota na zaro littafin motar, yana nan a cikin ledarsa, da alama ko mai ita na farko bai wahalar da shi ba. Abu uku littafin ya faɗa a kan mai. Na ɗaya, kada lambar ta gaza 87. Na biyu, wasu gidajen mai a yankunan tsaunuka suna sayar da wanda bai kai 87 ba da sunan regula, kuma ba a yarda a zuba shi ba. Na uku, in ana son motar ta ba da duk ƙarfinta, musamman lokacin zafi ko in tana jan tirela, 91 ko sama da haka ya fi. Wato duk abin da ya same mu a bayan Georgetown yana rubuce a shafi guda, a tazarar hannu da gwiwarsa. A ranar, 91 muka cika mata. Tankin ya riga ya yi ƙasa da rabi, saboda haka gaurayen ya haura 87 cikin sauƙi.

Me lambar take aunawa? Mafi yawan mutane, har da Kawu kafin ranar, suna ɗauka ƙarfin mai ce, kamar yadda ake cewa wannan shayi ya fi wancan kauri. Ba haka ba ne. Lambar oktan ake kiranta, oktan kuwa ma'aunin haƙurin mai ne: yawan matsi da zafin da zai jure bai kama da wuta da kansa ba. A cikin silinda fistin yana matse iska da mai, fulogi ya ƙyasta, wuta ta tashi daga bakinsa ta ci gaba da cin gaurayen a jere, kamar wutar daji da ke bin ciyawa daga gefe guda. Yayin da take tafiya, sauran gaurayen da ba ta kai gare shi ba yana ƙara matsuwa yana ƙara zafi. In man mai haƙuri ne zai jira wutar ta iso. In ba shi da haƙuri sai ya fashe da kansa, bugun ya doki kan fistin da bangon silinda. Tsakuwar da muka ji ke nan.

Ma'aunin ya samo asali ne a shekarun 1920, daga wani masanin haɗa sinadarai, Graham Edgar. Ya ɗauki sinadari biyu, ɗaya mai tsananin haƙuri aka ba shi 100, ɗaya mai saurin fashewa aka ba shi sifili. Man da ya yi hali irin na gaurayen kashi 87 na farkon da kashi 13 na biyun, shi ne 87. Ba ruwan lambar da yawan kuzarin da ke cikin lita. Hujja mafi sauƙi ita ce etanol: lambarsa ta haura 100, amma kuzarinsa ya gaza na fetur da kusan kashi ɗaya bisa uku.

A 504 ɗin Kawu, in inji ya fara wannan ƙara, bakanike ne zai sassauta distiribita ya ɗan juya ta yana kasa kunne har ƙarar ta ɗauke. Taimin ya ja baya, wato fulogi ya jinkirta ƙyastawa. Da na tuna masa wannan sai ya gane sauran bayanin tun kafin in gama. A F-150 akwai 'yan na'urori a jikin inji da aikinsu kasa kunnen ne, kwamfutar motar kuma ita ce bakaniken. Da ta ji ƙwanƙwasa sai ta ja taimin baya nan take, in abin ya ci gaba ta rage iskar da tarbo ke turawa. Shi ya sa ƙarar ta ɗauke cikin daƙiƙa biyu, shi ya sa kuma motar ta yi sanyi. Injin ya tsira, amma da ƙarfi da mai aka biya kuɗin tsiran. Kwamfutar kuma tana da iyakar da za ta iya ja.

Tambayar da ta fi ci masa rai ita ce: in 85 ba shi da kyau, don me ake sayar da shi, kuma don me maƙwabcinsa ke zuba wa tsohuwar motarsa shekara da shekaru lafiya lau? Amsar tana cikin iskar Kolorado. A Denver nauyin iska ya gaza na bakin teku da kusan kashi 17 cikin ɗari. Injin da ke shaƙar iska da kansa, musamman tsohon mai kafireto, iska kaɗan yake samu a nan, matsin cikin silindarsa ya ragu, saboda haka mai ƙaramar lamba ya ishe shi. A zamanin waɗannan motoci aka fara sayar da 85 a jihohin tsaunuka irin su Kolorado, Utah da Wyoming, ya kuma zauna har yau saboda araha. Amma aikin tarbo shi ne ya cike wannan giɓin. Yana tura iska da ƙarfi har silinda ta samu matsi kusan irin na Houston, iskar kuma da zafinta. Rangwamen da tsauni ke yi wa tsohuwar motar maƙwabci, motar Kawu ba ta cikinsa. Haɗa wannan da siminti, da hawa, da ranar Yuli.

Ranar Litinin muka kai ta gareji, domin Kawu bai yarda ba a yi ɓarna ba. Bakaniken ya jona na'urarsa, ya cire fulogogi, ya zura 'yar kyamara ya duba kan fistin shida ɗaya bayan ɗaya. Ba rami, ba tsagewa. Amma ya ɗaga fulogi ɗaya ya nuna mana bakinsa ya cinye ya buɗe, matatar iska kuma ta toshe da ƙurar wuraren gini. Aka canja duka. Na kawo wannan ne don kada a ɗora wa man laifin da ba nasa kaɗai ba. Motar da ta koma hanya bayan kwana biyu ta samu sabon mai, sababbin fulogogi da sabuwar matata a lokaci guda, kuma kowannensu yana da hannu a sauƙin da aka ji.

Da a nan maganar ta tsaya da ban rubuta ta ba. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Kawu ya koma maɓallin dama gaba ɗaya. Zuwa masallacin Juma'a, 91. Kai yara makaranta, 91. Ya ƙara da sayen wasu 'yan kwalabe na maganin ɗaga oktan yana tsiyayawa a tanki duk cikawa. Kwalaben nan su suka fi ba ni haushi, domin da yawansu in sun ce za su ƙara "maki" kaza, makin nan kashi ɗaya ne bisa goma na lamba guda. Maki biyar zai kai 87 zuwa 87.5 ne kawai. Galan huɗu ko biyar na firimiyam, wato 91, za su yi wannan aikin a cikon tanki.

A wannan tsakanin ne ya zo mini da wata sabuwar hujja. Ya yi waya da ƙaninsa a Kano, wanda ke da Toyota Tacoma 'yar Kwatano, aka gaya masa ƙa'idar fetur a Najeriya 91 ce.

"Ka gani, yaro? A gida ma 91 kowa ke sha, har mai Keke Napep. Ni ne zan zauna a Amurka ina shan 87?"

Lambobin biyu ba da mudu ɗaya aka auna su ba. Ana gwada mai a wani inji na musamman mai silinda ɗaya ta hanya biyu. Hanya ta farko mai sauƙi ce, inji na juyi 600 a minti, sakamakonta shi ake kira RON, kuma shi ake amfani da shi a Najeriya da Turai da mafi yawan duniya. Ta biyu ta fi tsanani, juyi 900 da gauraye mai zafi, lambarta kan fito ƙasa da kamar takwas zuwa goma, ita ce MON. Amurka da Kanada suna haɗa biyun su raba biyu, shi ne abin da ke kan takardar nan mai ruwan ɗorawa. Saboda haka 87 na Amurka daidai yake da 91 ko 92 na gida, 91 na Amurka kuma kusan 95 ne. Na ce ya sa ƙanin nasa ya buɗe littafin Tacoma. Toyota takan rubuta lambobin biyu gefe da gefe, 87 da 91. Aka turo hoton shafin ta WhatsApp, Kawu ya kawar da zancen.

Ƙanin nasa dai ba shi da zaɓin da zai yi, bututu ɗaya ne a gidan mai, kuma in man ya cika ƙa'ida ya ishi Tacoma. Damuwarsa ta wani fannin ce. A watan Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai yawan metanol Najeriya, motoci suka lalace, layi ya dawo gidajen mai. Metanol kuwa lambar oktan ɗinsa sama take ƙwarai. Wato mai yana iya zama mai babbar lamba kuma mugu.

Sai na zauna da shi da biro da takarda. Na ce mu ɗauki farashin misali: 87 dala 3.50 galan, 91 dala 3.85. Bambancin kashi 10 cikin ɗari ne, dala 12.60 a kowane cikon tanki. In yana cikawa sau biyu a mako, a shekara ya haura dala 1,300. Don kuɗin ya dawo, dole 91 ya ƙara masa nisan tafiya da kashi 10 shi ma. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada wannan sau biyu. A 2016 ta zuba firimiyam a motocin da aka ƙera don 87, har da Toyota Tundra, ba ta ga wani amfani ba, ta kuma ƙiyasta cewa Amurkawa sun zubar da fiye da dala biliyan 2 a shekara guda a kan haka. A 2017 ta gwada motoci shida da kamfanoninsu ke ba da shawarar firimiyam ba tare da tilastawa ba, F-150 tana ciki. Matsakaicin ƙarin nisan tafiya kashi 2.7 ne cikin ɗari, na ƙarfin inji kashi 1.4.

Dole in yi wa Kawu adalci a nan, domin ba gaba ɗaya ya yi kuskure ba. Motarsa tana cikin waɗanda ke iya cin moriyar 91. Kwamfutar da ke ja da taimin baya in ta ji ƙwanƙwasa, ita ce ke tura shi gaba in ta ga man yana jurewa. Da ya ce yana jin bambanci a ƙafarsa in tirela na baya, na yarda da shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne yana jin wannan bambancin a kan titin Colfax tsakanin danja da danja, mota ba kaya, inji ko rabin ƙarfinsa bai fitar ba. A can babu matsin da zai gwada haƙurin man, saboda haka haƙurin da ya saya da tsada zaune yake a tanki. Hujjarsa ta ƙarshe ita ce firimiyam ya fi wanke inji. Dokar Amurka ta tilasta a zuba sinadarin wanki a kowane irin fetur, gidajen man da ke da tambarin Top Tier kuma sharaɗinsu shi ne su zuba ƙarin a duk maɓallan, ba na dama kaɗai ba. In wanki yake so, gidan mai zai zaɓa.

Matsayar da aka cimma ba ta da wuya. Kullum 87, wanda a Kolorado shi ne maɓallin tsakiya. In zai ja tirela mai nauyi, ko zai hau dutse da kaya a lokacin zafi, 91, kuma a cika tun tankin yana ƙasa, domin zuba galan biyar na 91 a kan galan talatin na 87 kusan rabin lamba kawai yake ƙarawa. In ya tsinci kansa inda babu na tsakiya, kashi biyu na 85 da kashi ɗaya na 91 suna ba da 87, kusan abin da famfon ke yi ke nan da kansa in an danna na tsakiya. Kwalabe kuwa an daina. Ya yanko farin salatif ya manna a cikin murfin tanki, ya rubuta da hannunsa: "87 kullum. Tirela 91. Duba lamba." Har yanzu nakan kama shi da rasit ɗin 91 ranar da babu tirela, in na yi magana ya ce ai gobe akwai.

Da babbar salla ya tafi Houston da iyali a motar, tafiyar kusan mil dubu. Da la'asar wayata ta yi ƙara, yana Amarillo a arewacin Texas, ina jin iska tana kaɗa wayar.

"Yaro, ka san na hagun nan ba 85 ba ne, ba kuma 87 ba? 86 suka rubuta."

"To me ka danna, Kawu?"

"Na tsakiya mana, 88. Jira, yaran nan suna neman kuɗin askirim."